Masu Jini A Jika: Darasin Kakuri Tsakanin Nijeriya Da Japan

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi Kakuri zai tarar da manyan gine-ginen masaƙu sun yi tsit, samari majiya ƙarfi kuwa suna zaune a bakin titi suna jiran abin da rana za ta kawo. Ɗaya daga cikin masaƙun nan, watau Arewa Textiles, da jarin Japanawa aka kafa ta a shekarun 1960. Saboda haka ya dace a auna ƙasashen biyu wajen yawan mutanen da suka isa aiki, watau masu shekara 15 zuwa 64.

A shekarar 1965 Japan tana da irin waɗannan mutane kimanin miliyan 67, Nijeriya kuwa ba ta kai miliyan 30 ba. Na Japan suka yi ta hawa har suka kai miliyan 87 a 1995, daga nan suka juya ƙasa, zuwa 2023 sun koma wajen miliyan 74. Na Nijeriya kuwa, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, sun wuce na Japan tun wajen 2010, yanzu sun haura miliyan 120.

Wani zai ce ai shi ke nan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, amma akwai abin dubawa. A 1965 kashi 68 cikin ɗari na Japanawa sun isa aiki, watau kowane mutum biyu suna ɗauke da nauyin mutum ɗaya. Wannan sauƙin nauyi ya ba su damar yin tanadi, suka zuba shi a makarantu da masana'antu, har jarinsu ya kawo Kaduna. A Nijeriya kuwa, tun daga wancan lokaci rabon bai gusa daga kashi 52 zuwa 56 ba, domin yara 'yan ƙasa da shekara 15 sun fi kashi 40. Abin da magidanci ya samu da safe, kafin dare ya ƙare a tukunya.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, lokacin da hannuwa suke ƙaruwa, lokacin ne ƙofofin aiki suke rufewa. Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, Arewa Textiles ta bi sahu, UNTL ma ta rufe a 2007. Rashin wutar lantarki da tsufan injuna da atamfar fasa-ƙwauri suka taru suka kayar da su. Japan kuwa, da tsufa ya kama ta, sai da ta buɗe sabuwar hanyar ɗaukar ma'aikata daga waje a 2019.

Lalle ma'aikatan tsare-tsare su san cewa yawan samari bashi ne a wuyan hukuma, ba ya zama arziki sai an biya shi da ilmi da sana'a. Kamata ya yi a sake ƙidayar jama'a, tun da rabon da a yi tun 2006, a kuma ba unguwannin masana'antu wuta tsayayya, a riƙe 'yan mata a makaranta har su kammala sakandare. Saurayin da yake zaune a Kakuri yau, nan da shekara arba'in tsoho ne. In bai tara kome ba, wa zai ɗauke shi?