Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwa ɗalibai, kowace shekara ƙungiyoyinmu na jami'a sukan shirya tafiye-tafiyen buɗe ido. Waɗansu su tafi Yankari, waɗansu su hau duwatsun Shere da ke bayan Jos, masu ƙarfin hali kuma su nufi Gashaka-Gumti da niyyar taka Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai tsayin mita 2,419. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai, domin ɗalibin da bai san ƙasarsa ba sai a cikin littafi, iliminsa ragagge ne. Amma akwai wata ɗabi'a da ta shiga cikin waɗannan tafiye-tafiye, wadda in ba a yi maganinta ba, wata rana za mu yi kuka da idanunmu. Ɗabi'ar kuwa ita ce a kwashi mutum talatin ko arba'in a shiga daji da su, alhali ba abin da aka dogara gare shi wajen sanin hanya sai wayar hannu, ita kuma wayar ba wanda ya zauna ya yi lissafin cajinta.

Bari mu fara da abin da yawancinmu ba mu fahimta ba. Na'urar GPS da ke cikin waya ba ta bukatar sabis kafin ta san inda take. Saurare kawai take yi. Akwai taurarin ɗan'adam da Amurka ta fara harbawa a 1978, tsarin ya kammala a 1995, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma muddin waya ta ji saƙon huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa wurin da mai riƙe da ita yake tsaye. Taswirar da ake gani a fuskar waya ita ce ke bukatar intanet. Saboda haka wanda bai sauke taswirar yankin da zai je ba tun yana gari, zai shiga daji ya tarar da ɗigo shuɗi yana yawo a kan farin fili, ba kogi ba hanya. Sa'an nan kuma duk wannan hikima tana rataye ne a kan batir. Da zarar batir ya mutu, waya ba ta fi tsakuwar da ke gefen hanya amfani ba.

To, me ke kashe batir a daji? Na farko shi ne neman sabis. Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, sai ta ƙara ƙarfi tana lalube ba hutawa, shi ya sa wayar da takan wuni da caji a ɗakin kwanan ɗalibai sai ta mutu da azahar a bakin kogi. Maganin wannan bai wuce taɓa maɓalli ɗaya ba, watau a sa waya a yanayin jirgin sama, GPS kuwa zai ci gaba da aikinsa. Na biyu shi ne hasken fuskar waya, musamman cikin rana inda mutum kan ƙure shi don ya gani. Na uku kuma, wanda ya fi ba da haushi, shi ne halinmu. Tun daga cikin mota ake kunna kiɗa, a sauka a shiga ɗaukar hoto da bidiyo, kowa yana son mutanen gari su ga ya hau dutse. Kafin la'asar an cinye cajin da ya kamata a ajiye domin lokacin da hazo zai rufe hanya ko wani ya gurɗe a ƙafa.

Wani zai ce ai yana da fawa-banki. Madalla, amma ka taɓa yin lissafinsa? Lambar da ake rubutawa a jikinsa, misali 10,000 mAh, an auna ta ne a kan ƙarfin batirin da ke ciki, watau bolt 3.7. Kafin wutar ta shiga waya sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, a nan kuma wani kaso yakan salwanta ya zama zafi. Wayar da batirinta yake 5,000 mAh ba za ta cika sau biyu daga irin wannan fawa-banki ba, sau ɗaya da rabi za a samu, in ma na kirki ne. Yanzu ka ɗauki tafiyar kwana uku, da mutum biyar suna layi a kan fawa-banki guda, ka gaya mini inda za a kwana.

Wannan ma ke nan in an dace da na gaskiya. Kasuwanninmu cike suke da na jabu, waɗanda aka rubuta musu 50,000 mAh alhali nauyinsu bai kai na sabulun wanka ba. Batir ba ya yi wa sikeli ƙarya. Na 10,000 mAh na gaskiya yakan kai wajen giram 200, wanda ya kai 50,000 kuwa sai ya doshi kilo guda. Duk wanda ya sayar maka da mai sauƙin nauyi da babbar lamba, ya sayar maka da rubutu ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan wuri arahar tana iya cin rai. Haka nan wanda aka manna wa ɗan faifan sola a baya, ake ruɗin mutane cewa rana za ta cika shi. Wannan ɗan faifai ƙarfinsa bai wuce wat ɗaya ko biyu ba, kuma kafin ya cika batir mai 10,000 mAh sai ya yi kusan mako yana shan rana. Ga shi kuwa zafi shi ne babban abokin gaban batirin litiyam. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a bazara ko a inuwa mukan wuce haka. Mai son sola ya nemi faifai mai naɗewa na wat 15 ko 20, ya shimfiɗa shi a rana, ya ja igiya ya ajiye batir a inuwa. Sanyi ma yana da nasa sharri, domin a kan tsaunin Mambila ko Jos cikin hunturu caji yakan ragu, shi ya sa masu hankali ke kwana da waya a cikin riga.

Akwai kuma waɗanda suka karkata ɗaya gefen, suna cewa a bar waya a gida, kakanninmu ba su san ta ba kuma ba su ɓata ba. Wannan magana ce ta wanda bai san tarihi ba. Madugun ayarin Azbinawa da ke ratsa Tenere zuwa Bilma ɗauko gishiri ya yi shekaru yana bin manya kafin a ba shi jagora, ya san taurari, ya san rijiyoyi, ya san inda iska ke tara yashi. Wane ne a cikinmu yake da wannan sani? Wasunmu ko gabas ba sa iya nunawa in ba an ga masallaci ba. Waya kayan aiki ce mai albarka, kuma wauta ce a ƙi ta. Abin da nake yaƙi da shi shi ne a mai da ita gatan tafiya ita kaɗai.

Kada kuma a ɗauka ɓata a daji abin ƙasashen da ba su ci gaba ba ne. A 2013, a jihar Maine ta Amurka, wata mata mai shekara 66 da ke bin sananniyar hanyar ƙafa ta Appalachian ta ɗan ratse daga hanya, ta kasa komowa. Ta yi ta rubuta wa mijinta saƙo, saƙon bai fita ba saboda babu sabis. Ta rayu kusan wata guda a cikin tantinta, ba a ga gawarta ba sai 2015, a wurin da bai fi 'yan kilomitoci daga hanyar ba. Wannan a ƙasar da ke da jiragen ceto da karnukan bincike ke nan. To, ina ga Gashaka-Gumti, dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000?

Saboda haka ina kira ga Majalisar Ɗalibai da ta kafa ƙa'ida, kada ta sa hannu a kan tafiyar kowace ƙungiya sai an cika waɗansu sharuɗɗa. A kowace tawaga a ware waya biyu na sanin hanya, a sauke musu taswira tun a gari, a cika su, ɗaya tana aiki ɗaya a kashe a cikin jaka, kuma kada a ɗauki ko hoto ɗaya da su. A gwada kowane fawa-banki kafin ranar tashi, a ga sau nawa yake cika waya, a riƙe igiyar caji fiye da ɗaya a cikin leda saboda ruwa. A sayi tocila ta daban domin kada a ƙone cajin waya wajen haska hanya. Majalisar da ke iya kashe kuɗi kan liyafar ƙarshen shekara ba za ta gaza sayen na'urar GPS ta hannu ba, irin su Garmin eTrex, wadda batir biyu na AA ke ɗaukarta wajen awa 25, in sun ƙare a canja. A nemi taswirar takarda mai ma'aunin 1:50,000 da kamfas, a roƙi 'yan'uwanmu na Sashen Labarin Ƙasa su koya wa shugabannin tafiya karanta su, darasin da bai wuce yini ɗaya ba. A bar wa ofishin Majalisa sunayen matafiya da hanyar da za su bi da ranar komowa. Sa'an nan a ɗauki ɗan jagora daga mutanen wurin a biya shi hakkinsa, domin matambayi ba ya ɓata, mafarauci da makiyayi kuwa sun san dajinsu fiye da kowace na'ura.

Shugabannin ƙungiyoyi su sani cewa ranar da suka karɓi kuɗin mota daga hannun ɗalibi, sun karɓi amanar ransa ne, kuma iyayensa ba za su karɓi uzurin cewa caji ya ƙare ba. Mu kuma mabiya, kafin mu shiga mota mu tambayi shugaban tafiya ina taswira, ina kamfas, wa ke riƙe da wayar ajiya. In ya kasa amsawa, mu karɓi kuɗinmu mu koma ɗaki, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.