Tukunya Ba Ita Ta Ci Bashin Ba

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu shiga aikin gwamnati, muna so mu taɓo wata magana wadda kowa ya sani, amma ba mai son a ji ta daga bakinsa. Duk wanda ya je hutu gida a 'yan shekarun nan, ko ɗan Unguwar Shanu ne, ko Badarawa, ko Kawo, ko Tudun Wada, lalle ya ga alamun da idonsa. Shayi da burodin safe sun ɓace, koko ya maye gurbinsu, kokon ma ba ƙosai. Nama ya zama baƙon Juma'a. Daga nan sai wata rana bayan sallar lisha maigida ya tara iyali, ya yi gyaran murya, ya ce: "Akwai bashi a kanmu, saboda haka kowa ya yi haƙuri, za a rage kashe kuɗi." Kowa ya sunkuyar da kai ya ce to. Ba wanda zai tambaya nawa ne bashin, wa yake bin mu, me aka yi da kuɗin.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce kada a biya bashi ba, Allah Ya kiyashe mu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma addininmu bai ɗauke shi da wasa ba, tun da ko gado ba a rabawa sai an fitar da bashin mamaci tukuna. Gidan da ya ƙudura niyyar sauke nauyin da ke wuyansa ya cancanci yabo. Abin da muke ƙara a kansa shi ne wurin da wuƙar tsimin take sauka.

Ku lura da yadda yankan yake tafiya. Da fari a taɓa kuɗin cefane. Uwargida da take karɓar abin da da ma bai isa ba, sai a rage mata, a bar ta da dabara: ta ƙara wa miya ruwa, ta rage mudu, ta ci ƙanzo bayan yara sun ƙoshi, in sun ƙoshi ke nan. Sai a taɓa lafiya. Tsohuwa mai hawan jini ta daina zuwa asibiti, a riƙa sayo mata ƙwaya biyu-biyu a kemis ran da ciwon kai ya matsa. Daga nan sai makaranta. A ce wa yaron da ya isa rubuta jarrabawar fita sakandare ya dakata sai baɗi, a cire yarinya daga aji a ɗora mata farantin awara. Waɗannan duka, uwa da tsohuwa da yaro da yarinya, ba a yi shawara da ko ɗayansu ba ranar da aka je karɓo kuɗin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji Hausawa, amma a gidajenmu wani tsuntsun ne yake ja, wani yake jiƙewa.

To, ina bashin ya fito? A gidaje da yawa da muka sani, ba tuwo ya jawo shi ba. Biki ne. In ɗa namiji za a yi wa aure, a jera akwatunan lefe, atamfa da leshi da shadda da takalma da jakunkuna waɗanda amarya ba za ta gama ɗinkawa ba ko a shekara biyar. In 'ya mace ce, uba ya shiga uku: gado, katifa, kujeru, labule, firji, kayan kicin, sannan gara ta biyo baya. A yi kamu, a yi wuni, a kama zauren taro a yi dina, a ɗauko mai hoto da makaɗi, a fitar da anko kala biyu ko uku. Alhali kuwa abin da shari'a ta wajabta shi ne sadaki, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne. Kafin shekara ta zagayo an haihu, a nemi ragon suna da kayan barka. Babbar Sallah ta zo, a karɓo rago bashi, sai ka ce ba a san cewa layya tana kan mai hali ba ne. Dalili ɗaya ne ake ba mu kullum: kada a ce mun gaza.

Abin takaicin shi ne, bayan an yi taron tsimi an rage tukunya, wannan ɓangaren ba ya motsi. Wata uku ba su cika ba za a kawo katin bikin 'yar ƙanen maigida, a sayi anko, a ba da gudummawa, domin wai zumunci ne, kuma ai su ma sun yi mana. Wato kunyar mutanen waje ta fi yunwar mutanen gida nauyi. Mun san gidan da aka aurar da yaya da kayan ɗakin da unguwa ta yi wata guda tana zancensa, ƙanwarta kuwa ta bar makaranta a aji biyu na babbar sakandare don a biya kuɗin kujerun. Kujerun nan har sun fara yagewa, yarinyar ba ta koma aji ba. Haba jama'a!

Bari mu yi ɗan lissafi, don masu cewa ƙuruciya ce take ɗibar mu. Mu ƙaddara ma'aikaci yana ɗaukar naira 100,000 a wata. Ya je wajen masu ba da lamuni a kan albashi ya karɓi naira 500,000 na shekara guda, a bisa ruwan kashi 5 cikin ɗari kowane wata a kan uwar kuɗin. Ruwan kaɗai naira 25,000 ne a wata, wato 300,000 a shekara. Zai biya 800,000 ke nan, kusan 67,000 duk wata, a bar shi da abin da bai kai 34,000 ba, shi da iyalinsa da haya da wuta da kuɗin mota. Yanzu a ce ya rage wa uwargida naira 500 kullum a cefane. A wata ya tara 15,000. Ko ruwan bashin bai biya ba, balle uwarsa. Ashe tukunya ko an kife ta ɗungurungum ba za ta iya sauke wannan kaya ba. Abin da kan biyo baya kuwa mun san shi: a ɗauki adashi a toshe banki, a ci bashin mai shago a zuba adashi, a shiga manhajar bashi ta waya a biya mai shago. Waɗannan na waya su ne mafi rashin imani, domin in kwana ya cika sai su bi lambobin da ke wayar mutum suna aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas cikin watan Maris na 2022. Mutumin da ya ci bashi don gudun kunya, ga shi an kai masa ita har gidan surukai.

Yayyenmu akawuna, ko kun san cewa Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a cire wa lebura ko akawu fiye da kashi ɗaya cikin uku na ladansa a wata guda? Waɗanda suka tsara dokar sun san cewa in aka wuce haka ciki ne zai biya. Amma mai lamuni ba ya bukatar ya bi ta ofishin biya. Jira yake albashi ya faɗo a asusu ya ɗebe nasa, da izinin da mutum ya sa wa hannu da kansa, sau da yawa ba tare da ya karanta takardar ba.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba kowane bashi ne na biki ba. Akwai gidan da ciwo ya durƙusar, akwai wanda kora daga aiki ta rusa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan wata jarrabawar gwaji, a 2021 kuma aka sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da garin cik da yajin aiki a watan Mayu. A shekarar dai aka ɗaga kuɗin Jami'ar Jihar Kaduna daga ƙasa da naira 40,000 zuwa 150,000 da abin da ya fi haka, kafin a rage mafi ƙarancin zuwa 105,000 a watan Agustan 2023. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashin da jihar ta amince da shi a ƙarshen 2024 naira 72,000 ne. Mai irin wannan gida ba shi da akwatin lefen da zai rage. Duk wanda ya hau mumbari ko ya shiga gidan rediyo ya ce masa ya ƙara tsuke bakin aljihu, ya fara nuna masa aljihun tukuna.

Wannan huɗuba ta tsimi ma ai tsohuwa ce. Iyayenmu sun ji ta a 1982 zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin da farashin mai ya faɗi bayan shekarun wadaƙa. Sun sake jin ta a 1986 da Janar Babangida ya kawo shirin SAP, wanda ɗalibai suka yi wa bore a 1989. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma a cikin biliyan 10 na kason jihar na wannan watan an cire biliyan 7 don biyan bashi. Kun ga hali ɗaya ne, daga gidan gwamnati har zuwa zauren gidanmu: babba ya ci bashi ba shawara, ranar biya a kira ƙanana a ce su yi haƙuri. In har muna da bakin tuhumar hukuma a kan wannan, ba mu ga dalilin da za mu yi shiru a gida ba.

Saura mu. E, mu ɗalibai, domin ba za mu wanke kanmu ba. Wani kason bashin nan sunanmu ne a rubuce a jikinsa. Ana ranto kuɗin rajistarmu da ruwa, mu kuwa mu ƙara da namu: a ƙirƙiro kuɗin takardun lacca da ba a sayar ba, a matsa wa uwa ta sayar da 'yan kunnenta don a canja waya, a ƙarshen shekara a yi ankon kammala karatu da dina da hotuna, kai ka ce mun ci yaƙi ne. Wanda ƙanensa yake zaune a gida saboda kuɗin jarrabawa, da wace fuska yake yanka kek? Tun watan Mayun 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya buɗe, ba ruwa a cikinsa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Shi ma bashi ne, ba kyauta ba, kuma muna nan a kan bakanmu cewa ilmi haƙƙi ne da ya kamata hukuma ta ɗauki nauyinsa. Amma ɗalibi ya ɗauki nauyin a wuyansa ba ruwa ya fi ya bar tsoho ya ɗauko mai ruwa, tukunyar ƙannensa ta biya. Ku kuma yayyenmu da kuka fara karɓar albashi jiya-jiya, muna ganin ku: wata shida da kama aiki an ci bashin mota, shekara guda an ci na aure. Hanyar da iyaye suka bi suka faɗa rami ita kuke bi, da gudu ma.

Abin da muke nema ba shi da wuyar faɗi. A fito da bashin fili. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma a gidajenmu ya zama sirrin maigida shi kaɗai, sai ya kwanta dama masu bi su yi sallama ranar sadakar uku, iyali su ji abin da ba su taɓa ji ba. A zauna da uwargida da 'ya'yan da suka yi hankali, a rubuta wa yake bi, nawa ne, yaushe ne wa'adi, wanne ne yake haihuwa. Mai haihuwar a fara kashe shi, ko da za a sayar da abin da yake ajiye ba ya aiki: turamen da ba a ɗinka ba, babur na biyu, talabijin na ɗaki. Ɗan'uwa ko mai shagon da yake bi ba ruwa, a je a same shi ido da ido a roƙi sassauci, a yanka masa abin da za a iya duk wata, a kuma cika. Ɓuya da kashe waya su ne suke ɓata zumunci, ba talauci ba. Sannan gida ya yi shela ga dangi cewa har a gama biya ba anko, ba dina, gudummawa kuwa daidai ruwa daidai tsaki. Za a yi gutsiri-tsoma, mun sani. Masu gutsiri-tsomar ba su za su zo su biya ba.

Abubuwa uku kuwa a ɗauke wuƙa daga kansu sai in babu sauran abin yanka: abinci, magani, da makarantar yara, musamman ta 'ya'ya mata, tun da su ake fara sadaukarwa. Yarinyar da aka cire daga aji don a tsimi kuɗin zango ɗaya, ita ce gobe za a ci wani bashin a yi wa kayan ɗaki a aurar da ita ba sana'a ba takarda.

Muna kuma kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su matsa wa hukumomin makarantu lamba a bar ɗalibai su riƙa biyan kuɗin rajista kashi-kashi ba tare da an hana su shiga jarrabawa ba, domin wa'adin rufe rajista shi ne yake kora iyaye wajen masu ruwa. Ƙungiyoyin sassa da na garuruwa su ma su daina ɗora wa mutane kuɗin dina da na anko dole.

Hutu yana tafe. In aka sake tara mu bayan lisha, mu durƙusa yadda aka koya mana, mu ce: "Baba, Allah Ya ƙara girma, nawa ne bashin, kuma wa yake bi?" Mai yiwuwa ne a ce boko ya ɓata mu, a kore mu daga zauren a daren farko. Mu koma washegari da takarda da biro, mu fara rubuta namu kason a layin farko, tun daga kuɗin wayar da take aljihunmu.