Ko Lissafi Yana Iya Cin Caca?

'Yan'uwa manoma, da kaka ta yi kuɗi suka shigo hannu, sai mu ga samarinmu suna yawo da takardun loto. In an yi musu magana, su ce ai akwai waɗanda suka ci caca da lissafi. Gaskiya ne, an taɓa yi. Amma bari mu ji yadda aka yi.

A shekara ta 1992, a Jihar Bajiniya ta Amurka, ana zaɓen lamba 6 daga cikin 44. Wani mai suna Stefan Mandel ya lissafta ya ga dukan hanyoyin haɗa lambobin 7,059,052 ne, kowane tikiti dala ɗaya, ga kyauta ta kai dala miliyan 27. Sai ya tara kuɗi daga mutane dubbai a Ostareliya, aka sayi tikiti wajen miliyan 5, suka kuwa ci. Mandel bai san lambar da za ta fito ba. Ƙoƙari ya yi ya saye lambobin duka, domin kyautar ta fi kuɗinsu. Bayan haka hukuma ta gyara dokar sayar da tikiti, ƙofa ta rufu.

To, mu duba loton da ake yi a Nijeriya da Gana, inda ake fid da lamba 5 daga cikin 90. Wanda ya zaɓi lamba biyu, damarsa ɗaya ce cikin 400. In ya ci, yawanci ninki 240 ake biyansa. Wato a kowace naira 400 da jama'a suka zuba, wajen 240 ke komowa, 160 ta tafi. Kome daɗewar mutum yana yi, lissafin nan ba ya sākewa, gama ƙwallayen ba sa tuna abin da ya fito jiya.

Mai sayar da "lamba tabbatacciya" kuwa, mutane yake karantawa. Yakan ba kowa lamba dabam. Wanda ya dace sai ya zama mai shelarsa, sauran kunya ta rufe musu baki.

Muna roƙon dattawan ikilisiya da shugabannin matasa su yi wannan lissafi a kan allo a taronsu na gaba. Kuɗin da ke tafiya loto kowane mako, a sa shi a adashi, a sayi taki ko 'yar akuya kafin damina. Allah ya ba mu hikimar riƙe abin da muka yi gumi a kansa.