Zabiyoyin opera: murya ta Afirka, kasuwa ta Turai

A cikin watan Yuni na shekara ta 2021, wata mata ƴar ƙasar Afirka ta Kudu mai suna Pretty Yende ta sauka filin jirgin sama na Charles de Gaulle da ke birnin Pari, ta fito daga Milan ta ƙasar Italiya. Aiki ne ya kawo ta, domin a kwanakin nan sunanta na manne bisa allunan gidan wasa na Champs-Élysées, inda take riƙe da babban matsayi cikin wasan La Sonnambula, mutane kuma sun riga sun yanki tikiti don su ji ta. Duk da haka ƴan sandan iyaka suka tsare ta. Ita ta ce an wulaƙanta ta, an caje ta kamar mai laifi, an ajiye ta cikin wani ɗaki. Ƴan sanda kuwa suka ce takardar zama ta Italiya da ke hannunta ba ta isa ta shigar da ita Faransa ba, kuma bisa ƙa'ida suka yi aikinsu. Daga baya aka ba ta biza aka sallame ta, gwamnatin ƙasarta ta nemi bayani daga hukumomin Faransa, ita kuwa ta koma dandamali ta ci gaba da waƙarta. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 6 ga watan Mayu na 2023, ita ce ta tsaya ta rera waƙa cikin majami'ar Westminster ta Landan a bikin naɗin sarautar Sarki Charles na uku.

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya taɓa miƙa fasfo na wata ƙasar Afirka ga tagar ƴan sandan Turai ba ya bukatar a fassara mishi rabin farko na wannan labari. Rabi na biyu ne ke son bayani: wace irin sana'a ce wannan, kuma yaya aka yi matan Afirka suka kai ga ƙololuwarta?

Opera wasan kwaikwayo ne wanda ake yi da waƙa maimakon magana, an faro shi a ƙasar Italiya wajen shekara ta 1600. An kasa muryoyin mawaƙansa kashi-kashi, kuma mafi tashi sama cikin muryoyin mata ita ake kira soprano. Galibi mai wannan murya ce ake ba matsayin tauraruwar wasa, ita ake so, ita ake ci wa amana, sau da yawa kuma ita ke mutuwa kafin a saki labule. Bahaushe zai ce zabiya, ko da yake zabiyar opera ba ta ƙaga baiti nan take, ba ta kuma wasa kowa don ya yi mata kyauta. Abin da wani ya rubuta shekara ɗari ko ɗari biyu da suka wuce shi take bi. Wahalar aikin tana nan: babu makirfo. Gidan opera na Metropolitan da ke birnin Niyok yana da kujeru kusan 3,800, tsakanin mawaƙiya da jama'a kuma akwai makaɗa sittin ko tamanin da kayan busa da na goge, amma wajibi ne muryarta ta ratsa su duka ta kai ga wanda ke zaune can ƙarshen bene. Ga kuma harsuna, Italiyanci da Faransanci da Jamusanci, wani lokaci har Rashanci, kowane sai an furta shi yadda masu shi ba za su yi dariya ba. Wanda ya ce shekara goma ake yi ana koyo bai zuguiguita ba.

Jaridun Turai suna da labari ɗaya da suke son maimaitawa game da Pretty Yende. An haife ta a 1985 a wani ƙaramin gari, Piet Retief, cikin lardin Mpumalanga. Tana da shekara 16, da niyyar zama kwantabul, sai ta ji wasu mata biyu suna waƙa a talabijin cikin tallar kamfanin jirgin sama na British Airways, wani yanki ne na wasan Lakmé na Léo Delibes. Daga nan ta ce ita ma haka za ta yi. Labarin gaskiya ne, ita da kanta ta sha ba da shi. Amma yadda ake ba da shi, kamar tatsuniyar marainiya da ta auri ɗan sarki, yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Tallar nan miliyoyin yara sun gan ta a ƙasashe da dama. Abin da ya bambanta Piet Retief shi ne, da yarinyar ta tambayi malaminta na lakwal mene ne wannan, akwai ƙungiyar mawaƙa a lakwal ɗin da za ta shiga, kuma tun kafin nan ta saba waƙa a majami'a da cikin gidansu.

Wannan al'ada tana da tushe mai nisa. Tun ƙarni na 19 ƴan mishan suka koya ma ɗalibai baƙar fata, a makarantu irin su Lovedale, wata hanya mai sauƙi ta rubuta sautin waƙa da baƙaƙen boko, wadda kowace maɗaba'a ke iya bugawa ba tare da tsada ba. Da mulkin wariyar launin fata ya zo a 1948, ya hana ma baƙar fata manyan makarantun kiɗa, talauci kuma ya hana su sayen kayan kiɗan Turawa. Murya kaɗai ce ba a saye, ba a kuma ƙwacewa. Sai waƙar taro ta zama abin alfahari na kowace majami'a, kowace lakwal, har da ma'aikatu. Har yau ma'aikatar ilimi ta ƙasar tana shirya gasar waƙa ta makarantu daga gunduma zuwa lardi zuwa ƙasa baki ɗaya, cikinta kuma akwai sashen da ɗalibi ke tsayawa shi kaɗai ya rera yankin opera. Yaran da suka yi fice a nan su ne ke neman shiga sashen kiɗa na jami'ar Cape Town. Can Pretty Yende ta yi karatu hannun Virginia Davids, ɗaya daga cikin mata na farko waɗanda ba farar fata ba da suka riƙe babban matsayi bisa dandamalin opera na ƙasar tun wariya ba ta faɗi ba.

Kafin su duka akwai waɗanda tarihi ya kusa mantawa. Ƙungiyar Eoan, wadda aka kafa a 1933 a unguwar District Six ta Cape Town don mutanen da gwamnati ke kira barbarar yanyawa, ta gabatar da wasan La Traviata cikin Italiyanci a 1956. Mawaƙan nan da rana ma'aikatan masaƙu ne, da malaman lakwal, da ƴan aikin ofis; da dare suke koyo. May Abrahamse ce ta riƙe babban matsayin. A wannan shekara ta 1956 ɗin ce Mimi Coertse, farar fata ƴar Durban, ta fara aiki a gidan opera na Biyena ta ƙasar Ostiriya, inda ta daɗe ta yi suna. Ita May Abrahamse, da aka gina babban gidan opera na Cape Town a 1971, ko a matsayin ƴar kallo ba ta da izinin shiga, sai a 1975 aka buɗe shi ga kowa. Ƙungiyar Eoan kuma ta karɓi tallafin gwamnatin wariya don ta rayu, abin da ya sa da yawa cikin mutanenta suka juya mata baya. Wasannin operarta suka mutu cikin shekarun 1970.

Da wariya ta faɗi a 1994, ƙofar karatu ta buɗe, amma a daidai lokacin ne ƙofar aiki ta fara rufewa. Tsohuwar gwamnati tana da hukumomin wasanni huɗu, ɗaya a kowane lardi, masu biyan mawaƙa da makaɗa albashi duk wata. Sabuwar gwamnati, daga 1996, ta shiga rage musu kuɗi har sassan operarsu suka watse. Hujjarta ba ta banza ba ce: kuɗin jama'a duka ne ake kashewa don nishaɗin ƴan tsiraru, ga miliyoyi babu gida, babu ruwan famfo. Sai dai sakamakon shi ne, ranar da ɗiyan talakawa suka sami izinin hawa dandamali, sun tarar ana kwashe shi. An kafa Cape Town Opera a 1999, yana rayuwa da gudummawa da kuma rangadi a ƙasashen waje. Gauteng Opera na Johannesburg, birni mafi arziki a ƙasar, ya rufe a 2018 saboda rashin kuɗi.

Saboda haka hanyar ta zama ɗaya, wato gasa, sannan jirgin sama. Pretty Yende ta ci gasar Belvedere a Biyena a 2009, ta shiga makarantar horo ta gidan La Scala na Milan, ta ci gasar Operalia a Mosko a 2011. A watan Janairu na 2013 aka kira ta Metropolitan cikin gaggawa ta maye gurbin wata da ta janye daga wasan Le Comte Ory. Daren farko ta yi tuntuɓe ta faɗi tun ba ta buɗe baki ba, ta tashi ta yi waƙarta, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Pumeza Matshikiza, wadda aka haifa a 1979 ta girma a unguwannin talakawa na Cape Town, a rediyo ta fara jin opera. Mai tsara kiɗa Kevin Volans ne ya biya mata kuɗin jirgi zuwa Landan don ta yi jarrabawar shiga makarantar kiɗa, daga baya ta sami aiki na dindindin a gidan opera na Stuttgart a Jamus, ta kuma yi waƙa a bikin auren Yarima Albert na Monako a 2011. Golda Schultz aikin jarida ta fara karantawa a jami'ar Rhodes kafin ta koma waƙa, ta bi ta Cape Town da makarantar Juilliard ta Niyok da Munik, ta fito a bikin Salzburg a 2015, a Metropolitan kuma a 2017. Masabane Cecilia Rangwanasha, ƴar lardin Limpopo, ta ci kyautar waƙa a gasar Cardiff ta 2021. Ko daga Nijeriya akwai Omo Bello ƴar Legas, wadda ta gama karatun ilimin halittu kafin tallafin karatu na Faransa ya kai ta makarantar kiɗa ta Pari.

Ƴan kasuwa sun san irin wannan lissafi tun zamanin gyaɗa: a noma nan, a ɓare nan, a matse man a Marsai. Majami'a da lakwal da jami'a sun ɗauki nauyin shekara goma ko sha biyar na reno. Ranar da murya ta nuna, tikitin da za a yanka don jin ta a Milan ko Munik ake yankan shi. Ba a kuwa ga laifin matan ba. Ƙasar Jamus kaɗai tana da gidajen opera kusan 80, mafi yawansu gwamnatocin jihohi da na birane ke riƙe da su, kuma suna ɗaukar matasa da kwantaragi na albashin wata. Mai murya da ke son ta ci abinci da ita, can za ta.

Kada kuma rigunan alfarma da hotunan jaridu su ruɗi mai karatu. Wadda ta bar albashin wata ta zama mai zaman kanta, bisa kowane dare da ta hau dandamali ake biyan ta. A gidaje da yawa makonnin gwaji ba su da wani lada na kirki, kuɗin masauki daga aljihunta yake fita, wakilinta yana cire kasonsa, ƙasar da aka yi wasan tana cire haraji. In mura ta kama ta ranar wasa, kuɗin daren ya tafi. Ana sa hannu bisa kwantaragi shekara uku ko huɗu kafin lokaci, ba tare da sanin yadda murya za ta kasance ba. Da annobar korona ta rufe Metropolitan daga watan Maris na 2020 zuwa Satumba na 2021, mawaƙa masu zaman kansu suka wayi gari babu aiki. Duk wannan Baturiya ma tana fama da shi. Abin da ƴar Afirka ta ɗara ta da shi shi ne biza, wadda sai an nema ƙasa bayan ƙasa, alhali aikin gaggawa irin wanda ya ɗaga Pretty Yende a 2013 ba ya jiran ofishin jakadanci.

Akwai kuma tambayar wane matsayi ake ba su. An daɗe ana taƙaita mawaƙa baƙar fata ga wasanni ƙalilan, irin su Porgy and Bess, wanda dokarsa ta ce baƙar fata za su yi shi, ko Aida, labarin gimbiyar Habasha da aka bautar a Masar. Baƙaƙen Amurka ne suka fara fasa wannan shinge, Marian Anderson a Metropolitan a 1955, Leontyne Price a La Scala cikin Aida a 1960. Abin da ke sabo game da matan yanzu shi ne ana ba su matsayin da babu ruwansa da launi: Pretty Yende ta zama Violetta, ƴar Pari, cikin La Traviata a babban gidan opera na Pari a 2019, Golda Schultz kuma da matsayin Pamina na Mozart ta shiga Niyok.

Batun Aida yana tuna da cewa arewacin nahiyar na da nasa labari. A Alƙahira aka fara nuna wannan wasa na Verdi ranar 24 ga watan Disamba na 1871, cikin gidan opera da Khedive Isma'il ya gina a 1869, shekarar buɗe mashigin Suwez. Mawaƙan kuwa daga Turai aka kawo su, wadda ta fito a matsayin gimbiyar Habasha ma ƴar Italiya ce. Gidan ya ƙone a 1971, ƙasar Japan ta ba da kuɗin gina sabo wanda aka buɗe a 1988. Sai a 2016, shekara 145 bayan wancan dare, wata Bamisiriya, Fatma Said, wadda aka haifa a Alƙahira a 1991 ta yi karatu a Barlin, ta riƙe matsayin Pamina bisa dandamalin La Scala. Faifanta na farko, El Nour, na shekara ta 2020, ya haɗa waƙoƙin Faransanci da Sifaniyanci da Larabci, kuma kamfanin Warner ne ya fitar da shi. Masar tana da gini, tana da makaɗa masu albashi, amma ita ma zabiyarta a Turai take cin kasuwarta.

A gidan su Yende na Piet Retief, garin da yanzu ake kira eMkhondo, akwai ƙanwa mai suna Nombulelo, ita ma soprano ce, ita ma a jami'ar Cape Town ta yi karatu. A shekara ta 2021, shekarar da aka tsare yayarta a filin jirgin Pari, ta ɗaure kayanta ta tafi Jamus, inda gidan opera na Frankfurt ya ɗauke ta cikin sashensa na horon matasa.