Gani Ya Kori Ji, Amma Bai Kori Hankali Ba

'Yan makaranta, yau da ku mu ke, kuma faɗa za mu yi muku. Akwai wata cuta da ta shiga ajin lissafi, musamman wajen ilmin handasa, watau jometiri, wadda in ba a yi maganinta ba za ta bi ku har bayan kun bar makaranta.

Mu kan tambayi yaro, "Don me kusurwoyi uku na alwatika su ke cika digiri 180?" Wani ya ce, "Haka littafi ya faɗa, Malam." Wani kuwa ya ɗaga ma'aunin kusurwa ya ce, "Na auna, Malam, gani ya kori ji." Na farko aku ne, ba mu da dogon zance da shi. Na biyun shi ne abin tsoro, gama yana tsammani ya san abin.

To, kai mai awo, nawa ka samu? In za ka faɗi gaskiya, jiya 179 ka samu, yau 181, sa'an nan ka gyara. Wa ya gaya maka wajen da za ka gyara? Kuma alwatika nawa ka auna? Ko ka auna dubu, me ya hana ta dubu da ɗaya ta saɓa? Amma ja layi ta kan tsinin alwatika, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindinta. Kusurwar dama da ta hagu da su ka fito a jikinsa daidai su ke da kusurwoyi biyu na gindi, su biyun kuwa da ta tsini sun cika miƙaƙƙen layi, watau digiri 180. Da wannan ka gama da dukan alwatikan da aka taɓa zanawa da waɗanda ba a zana ba tukuna. Wannan shi ne hujja. Ido ba ya iya ba da ita.

Masu falsafa sun daɗe suna mamakin irin wannan sani. Aflatun ya ba da labarin yadda Sukurat ya kira wani yaro bawa, wanda bai taɓa karatu ba, ya zana masa murabba'i mai ƙafa 2 kowane gefe, ya ce ya samo mai faɗi ninki biyu. Yaro ya ce a yi gefe ƙafa 4, aka ga ya ba da 16 maimakon 8. Ya ce 3, aka ga 9. Da tambaya kaɗai aka kai shi ya gane da kansa, layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa shi ne gefen da ake nema. A shekarar 1781 Kant, mutumin Jamus, ya buga babban littafinsa, inda ya ce irin wannan sani ya riga gwaji. A ganinsa sarari, watau tsawo da faɗi da zurfi, ba abu ba ne da mu ka tsinta a waje, ƙirar hankalinmu ce, da ita mu ke ganin kome. Saboda haka, in ji shi, tilas duk abin da za mu gani ya bi dokokin handasa.

A nan kuwa za mu rabu da shi, ko da ya ke babban malami ne. Uƙlidis, wanda ya zauna a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gina littattafansa 13 bisa waɗansu sharuɗɗa biyar da ya roƙi a yarda masa da su. Ma'anar na biyar a taƙaice ita ce, ta kan ɗigon da ke wajen layi, layi ɗaya tak za a iya ja wanda ba zai haɗu da shi ba. Hujjarmu ta ɗazu a kansa ta jingina. Tun da aka juya littafin da Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashidu, malamai irin su Ibnul Haisam da Umar Hayyam da Nasiruddin Ɗusi su ka yi ta ƙoƙarin fitar da sharaɗin nan daga sauran huɗun, abin ya faskara. Sai a 1829 Lobacefski na Rasha, da Boyai na Hangari a 1832, su ka nuna ana iya ajiye shi a gina wata handasa wadda ba ta warware kanta, inda kusurwoyin alwatika ba su kai 180 ba.

Ku ɗauko ƙwallon taswirar duniya na ajinku. Ku gangaro daga ƙuryar arewa zuwa layin tsakiyar duniya, ku bi shi rubu'in kewaye, ku koma ƙuryar arewa. Kun yi alwatika mai kusurwa uku, kowace digiri 90, jimla 270. A 1854 Riman ya ce sararin kansa yana yiwuwa ya kasance da lanƙwasa, awo ne zai raba gardama. A 1915 Ainishtain ya ce nauyin rana yana lanƙwasa shi. Ran 29 ga Mayu 1919, da aka yi husufin rana, Edinton ya ɗauki hoton taurari a tsibirin Firinsife, nan kudu da gaɓar tekunmu, waɗansu kuma a Barazil, aka ga haskensu ya karkata kamar kashi ɗaya cikin 2,000 na digiri guda.

Sai ga waɗansu masu guntun ilmi suna yawo suna cewa, "Ashe an ƙaryata Uƙlidis, don me za mu wahala?" Ƙaramin sani ƙuƙumi ne! Ba a ƙaryata shi ba ko kaɗan. Abin da ya tabbatar shi ne, in sharuɗɗan nan sun tsaya, to, kaza ya biyo. Wannan yana nan daram, ba husufin da zai taɓa shi. Abin da ya faɗi shi ne zaton cewa hankali zai zauna cikin ɗaki ya yanke wa duniya siffarta. Magini da mai awon gona har gobe da Uƙlidis su ke aiki, gama lanƙwasar ba ta kai a ji ta a filin gida ba.

Watau kowa da gonarsa. Hankali ke cewa, "In haka ne, to, haka ne." Awo ke faɗin wane "in" ne ya dace da duniya. Mai awo ba hujja ya kan gyara lamba don ya faranta wa malami rai. Mai hujja ba awo ya kan yi gardama da abin da ke gabansa.

Ba don jarrabawa kaɗai mu ke wannan faɗa ba. Cikinku akwai alƙalan gobe, da malaman asibiti, da masu riƙon baitulmali. Wanda ya saba da cewa "haka aka faɗa" a aji, haka zai ce ranar da aka kawo masa ƙarar maraya. Wanda ya saba gyara 179 ta koma 180, ba mu san abin da zai gyara a littafin kuɗi ba. Saboda haka gobe in malaminku ya rubuta ƙa'ida a allo, ku tashi da ladabi ku ce, "Malam, mene ne hujja, kuma bisa wane sharaɗi?" Mu ma malamai, in yaro ya tambaya haka, kada mu ɗauki bulala, mu ɗauki alli. Allah ya sa mu gane.