Kira Ga Hukumomin Kwalejojin Katsina: A Tsare Ran Ɗalibin Da Ake Zargi

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi na Jihar Katsina, da shugabannin kwalejojinmu.

Ina rubuto wannan koke daga Ƙofar Marusa a matsayina na uba mai 'ya'ya a makaranta, kan wata magana da kunya ke hana mu faɗa a fili: makomar ɗalibin da 'yan uwansa suka zarga da neman jinsi.

Ranku ya daɗe, a ƙaramar makaranta kowa ya san kowa. Jita-jitar da aka fara a ɗakin kwana da dare, kafin azahar ta zagaye kowane aji. Sau da yawa ba ta da tushe in ban da siririyar murya, ko irin tafiyar yaro, ko ƙin shiga hirar 'yan mata, ko tsohuwar gaba. Da zarar an kira ɗalibi ɗan daudu, sai a ƙwace wayarsa a bincika, a ɗauke shi bidiyo a watsa a WhatsApp, wasu kuma su riƙa karɓar kuɗi a hannunsa da barazanar tona masa asiri. Ba ya iya kai ƙara, domin yana tsoron ƙarar ta koma kansa.

Mun ga inda irin wannan ke kaiwa. A watan Yulin 2025, ɗalibai biyu suka rasa rayukansu a makarantar kwana ta gwamnati da ke Bichi a Jihar Kano bayan dukan da 'yan uwansu suka yi musu, kuma jaridu sun ruwaito cewa zargin luwaɗi ne sanadi. A watan Oktoban 2012, taron jama'a ya kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa zargin sata. Zargin ya bambanta, amma hanyar ɗaya ce: an yanke hukunci kafin a saurari kowa.

Na san matsayin addinanmu, na kuma san dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014. Sai dai babu inda wannan doka ko shari'ar Musulunci ta miƙa wa ɗalibi sanda. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, sashe na 36 ya wajabta sauraron wanda ake tuhuma, sashe na 37 kuma ya kare sirrinsa. Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin asirin mutane, shari'a kuma ta tanadi bulala 80 ga mai ƙazafi. Ko ma mene ne halin yaro, jininsa da mutuncinsa amana ne a hannunku tun ranar da iyayensa suka biya kuɗin rajista.

Saboda haka ina roƙonku abubuwa huɗu, a Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke Daura, da sauran takwarorinsu.

Na farko, a rubuta ƙarara cikin littafin dokokin ɗalibai cewa duk wanda ya doki wani, ko ya watsa hotonsa, ko ya karɓi kuɗin rufin asiri, zai fuskanci kora, ko mene ne dalilinsa.

Na biyu, kada a kori ɗalibi ko a hana shi ɗakin kwana ko jarrabawa bisa ji-ta-ji-ta. In akwai ƙorafi, kwamitin ladabtarwa ya zauna a sirrance, a ji ta bakin yaron.

Na uku, a ƙarfafa ofishin ba da shawara da asibitin makaranta, ta yadda yaron da ke cikin tsoro ko ƙunci zai sami babban da zai gaya wa damuwarsa ba tare da ta fita waje ba. Wannan zai kuma taimaki wanda wani ya ci zarafinsa ya kasa faɗa.

Na huɗu, a nemi limaman masallatan makarantu da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai su riƙa tunatar da matasa haramcin ɗaukar doka a hannu.

Katsina ta yi suna da ilimi tun zamanin Gobarau, kuma a Kwalejin Katsina su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Bai kamata a ce a garin nan uwa ta aika ɗanta neman ilimi a dawo mata da gawa ba. Rigakafi ya fi magani. Ina roƙon ku duba wannan koke kafin a buɗe sabon zangon karatu.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon yin adalci.

Naku mai biyayya,
Wani uba daga Ƙofar Marusa, Katsina.