Netwok Ne? To, a Nuna Mana Rajista

Wannan makon faɗa muka zo yi da kalma guda, wadda ta cika bakin ma'aikata, ta kuma fara cika labaran da ake turowa: "netwok".

Yaro zai taso daga Kaugama, ya biya kuɗin mota zuwa Haɗejiya don ya cike fom a shagon intanet. Shafi ya ƙi buɗewa. A ce masa netwok ne, ya dawo gobe. Sai ya haƙura, don an saba ɗora wa ƙauye laifi. Alhali sau da yawa layin lafiya lau yake, saƙonsa ya isa, can ciki aka yar da shi.

Babban shafi ba kwamfuta ɗaya ke riƙe da shi ba. Manyan kwamfutoci ne da yawa, waɗanda ake kira saba, a gabansu kuma akwai manhaja mai raba lodi. Aikinta irin na ɗan kamasho ne a tasha: wannan motar ta cika, shiga waccan. Ɗaya daga cikin fitattunsu ita ce HAProxy, wadda Willy Tarreau ɗan Faransa ya rubuta, kuma kyauta ce.

Ga inda gizo ke saƙar. A yadda aka saba girka ta, HAProxy ba ta ajiye rajista a fayil da kanta. Sai mai kula ya faɗa mata inda za ta aika bayanin, ya kuma shirya wata manhaja kamar rsyslog ta karɓa ta zuba a fayil. In ya yi ɗaya ya bar ɗaya, shafi zai ci gaba da aiki kamar ba komai, rajista kuwa wayam. Aikin bai wuce 'yan layuka ba. In an kunna umarnin option httplog, kowace buƙata sai ta bar sawu: lokacin da ta zo, adireshin da ta fito, sabar da aka tura ta, daɗewar da ta yi, da lambar amsa. 200 lafiya ke nan. 503 ba a sami sabar da za ta karɓa ba. 504 saba ta yi nawa. Har da harafi mai nuna wanda ya fara yanke magana, C in daga wajen yaron ne, S in saba ce. Wato gardamar "netwok ne" harafi ɗaya ke kashe ta, in an ga dama.

Kada a ce muna zuzutawa. A watan Mayu na 2025, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito da hawaye ya amsa cewa kuskuren na'ura ya taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Gyaran manhaja ne bai hau wasu sabobi yadda ya kamata ba. Ba laifin mai raba lodi ba ne, kuma Jigawa ba ta ciki. Amma kafin a bincika, waɗannan yaran an riga an kira su malalata a gidajensu.

Masu kula da saba za su ce rajista tana cinye wuri. Akwai logrotate, mai matse tsohuwa ya share wadda ta daɗe. Za su ce akwai sirrin mutane a ciki. Wannan gaskiya ce, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma tana nan. A taƙaita masu gani, a sa wa'adin ajiya. Ban da rufe ido gaba ɗaya.

Sai ku, masu cewa wannan ba adabi ba ne. Cikinmu akwai masu difloma daga Binyaminu Usman a Haɗejiya da cibiyar kwamfuta ta Kazaure, sun san abin nan kamar yunwar cikinsu, amma in sun ɗauki alƙalami sai soyayyar ɗan mai kuɗi a Dubai. Ba mu hana soyayya ba. Muna dai son shafi biyu da Hausa kan yadda ake kunna rajistar nan, wanda mai shago a Haɗejiya zai karanta ya gane. In kuma labari za ku rubuta, ma'aikaci ya ce wa tauraruwarku netwok ne, ku bar ta ta tambaye shi lambar da shafin ya nuna.